Tsohuwar motar otomatik: mu gane ciwonta tun ba ta kwanta ba

A yau mota ta shiga zaman ƙauye kamar yadda amalanke ya shiga. Ita ke kai albasa da wake kasuwa. Ita ke ɗauko taki da iri gabanin damina. Idan naƙuda ta yi wa mace tsanani da tsakar dare, ko maciji ya sari manomi a gona, ita ake nema ta kai mutum asibiti. Saboda haka lafiyar motar gari ba damuwar direba kaɗai ba ce. Damuwar kowa ce.

Da yawa cikin motocin da ke bin hanyoyinmu yanzu masu canza giya ne da kansu, waɗanda ake kira otomatik. Galibinsu ba sababbi ba ne. Sun daɗe suna yi wa wasu aiki a Turai ko Amurka, sannan aka ɗoro su a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, aka kawo mana. Fentinsu na iya ƙyalli, injinsu na iya zama da ƙarfi, amma akwatin da ke canza giya ya riga ya tsufa. Wannan akwati shi ne makanikai ke kira buwat, kuma yana cikin kayan mota mafi tsadar gyara.

To, ba kasafai buwat ke mutuwa farat ɗaya ba. Kamar mutum take: tana nuna alamun ciwo makonni ko watanni kafin ta kwanta. Wanda ya san alamun zai kashe kuɗi kaɗan. Wanda bai sani ba zai sayar da hatsi ko dabba don ya sayi wata.

Yadda buwat otomatik ke aiki

A motar giyar hannu, direba ne ke taka kuloci, wato ambiriyaji, ya canza giya da hannunsa. A motar otomatik babu kuloci. Mai ne ke yin aikin ƙafar direba da hannunsa. Wannan mai ba baƙin man inji ba ne. Mai ne na musamman, mai tsinkakken jiki, kuma galibi ja ne. Shi ya sa za mu kira shi jan mai. A jikin gorarsa ana rubuta haruffa uku: ATF. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara ƙera irin wannan buwat da yawa don sayarwa, a shekarar 1939.

Jan mai yana da aiki huɗu.

Na farko, shi ke ɗauko ƙarfin inji ya kai cikin buwat. Mu ɗauki fanka biyu, mu ajiye su fuska da fuska. Idan aka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka abin yake tsakanin inji da buwat, sai dai a nan mai ne a madadin iska.

Na biyu, akwai famfo a cikin buwat wanda ke tura mai da ƙarfi. Man nan shi ke matse wasu siraran faifai su kama juna. Idan suka kama, giya ta shiga. Idan ƙarfin mai ya ragu, faifan ba su kamawa sosai, sai su riƙa zamewa suna goge juna.

Na uku, shi ke sa ƙarafa santsi don kada su ci juna.

Na huɗu, shi ke kwashe zafi. Yana bi ta cikin bututu zuwa radiyater, wato tukunyar ruwan mota, ya huce, ya komo.

Ke nan jan mai shi ne jinin buwat. Idan ya ragu, ko ya ƙone, ko ya gurɓata, aiki huɗun nan duka sun samu tangarɗa.

Zafi ne babban abokin gaba

Jan mai yana aiki lafiya idan zafinsa yana wajen digiri 80. Idan ya wuce digiri 120 ya daɗe a haka, sai ya fara ƙonewa. Ƙonannen mai ba ya santsi. Robobin da ke tare mai a cikin buwat suna bushewa su yi tauri. Faifan nan kuma suna da wata siririyar fata mai kama da takarda, wadda zafi ke cinyewa. Garinta sai ya zuba cikin mai, ya toshe rariya da ƙananan hanyoyin da mai ke bi.

Mu dubi halin ƙasarmu. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yana wuce digiri 40. Hanyoyin Dakoro, Mayahi da Tanut suna da rairayi. Ƙasar Adar, wajen Keita da Buza, tana da hawa da gangara. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna toshe radiyater. A kan wannan duka muna ɗora wa motar mutum biyar kayan da ya fi ƙarfinta. Duk abin da ke ƙona jan mai, muna da shi a nan. Saboda haka mota tana bukatar kulawa a wurinmu fiye da yadda ta samu a ƙasar da ta fito.

Mu san tafiyar da mota ta yi

A gaban direba akwai lambobi masu nuna nisan da mota ta yi tun da aka ƙera ta. Mu lura: motocin Amurka mil suke ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi kaɗan. Idan motar Amurka ta nuna dubu 150, to ta yi wajen kilomita dubu 240 ke nan. Kuma mu sani, marasa gaskiya suna iya mayar da lambobin nan baya. Don haka lamba kaɗai ba ta isa shaida ba. Mai shi ne shaidar da ba ta ƙarya.

Yadda ake duba jan mai

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, kuma ba ya cin minti goma. Ya kamata a yi shi sau biyu a wata, da kuma gabanin kowace doguwar tafiya. Ga yadda ake yi a yawancin motoci, har da tsofaffin Toyota:

1. A yi tafiya ta wajen minti 15 don mai ya ɗumama.
2. A tsaya a wuri mai daidai, ba tudu ba gangara. A ja birkin hannu.
3. A taka birki, a bi da sandar giya kan haruffa ɗaya bayan ɗaya: P ta ajiye mota, R ta komawa baya, N ta sakin giya, D ta tafiya gaba. A komo kan P. Kada a kashe inji.
4. A buɗe gaban mota, a nemi sandar awon jan mai. Daban take da ta baƙin mai. A yi hankali da fanka, kada ta kama hannun riga ko rawani.
5. A zaro sandar, a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar da ita har ƙarshe, a sake zarowa.
6. A karanta. Akwai kalmomi biyu a jikinta: COLD, wato sanyi, da HOT, wato zafi. Tun da mai ya ɗumama, ya kamata ya tsaya tsakanin zane biyu na wajen HOT.

Motocin Honda sun bambanta: su ana kashe inji ne, a auna cikin minti ɗaya. Akwai kuma motocin baya-bayan nan da ba su da sandar awo sam. Waɗannan sai makanike ya duba su ta ƙasa.

Idan mai ya ragu, a ƙara kaɗan-kaɗan da mazurari mai tsabta, ana ƙarawa ana aunawa. Kada a cika ya wuce zane. Idan ya yi yawa yana kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faifai. Kuma mu riƙe wannan: buwat ba ta shan mai kamar yadda tsohon inji ke sha. Idan mai ya ragu, to akwai inda yake yoyo. Sai a nemi wurin.

Abin da launin mai ke faɗa

A ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda, a duba shi da hasken rana, sannan a sunsuna.

Idan ja ne garau, ana ganin takarda ta cikinsa, kuma ba ya ƙauri, mai yana da lafiya.

Idan ya koma ruwan ƙasa amma ba ya ƙauri, ya gaji. Lokacin canza shi ya yi.

Idan ya yi baƙi, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, buwat ta sha zafi, kuma faifai sun fara ƙonewa. A kai wa makanike, kada a jira.

Idan ya yi fari-fari kamar an zuba nono a cikin zoɓo, ruwa ya shiga. Ko dai bututun cikin radiyater ya huje, ko mota ta tsallaka ƙorama mai zurfi. Wannan shi ne mafi hatsari, domin ruwa yana ɓamɓare fatar faifai. A tsayar da mota nan take.

Idan ana ganin ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, ƙarfe ya fara cin ƙarfe a ciki.

Alamomi bakwai da direba zai lura da su

Ruwa ba ya tsami banza. Duk sabon hali da mota ta ɗauka, akwai dalilinsa.

Ta ɗaya, jinkiri. An sa D ko R, amma mota ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sai bayan an ƙirga uku ko huɗu ta kama. Lafiyayyar buwat tana kamawa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. An fi ganin wannan da safe. Sau da yawa ƙarancin mai ne, ko rariya ta toshe, ko robobi sun bushe.

Ta biyu, zamewa. An ba da wuta, inji yana ruri, allurarsa tana hawa, amma gudu bai ƙaru ba. An fi jin haka a kan hawa ko da kaya. Faifai ne ba su kama ba. Duk tafiyar da aka yi a haka, ƙona su ake yi.

Ta uku, fizga. Giya tana shiga da bugu, har fasinja ya gyaɗa kai. Ko kuma mota ta daɗe a giya ɗaya tana kuka ba ta canza ba.

Ta huɗu, karkarwa. Ana tafiya sumul a kan kwalta, sai jikin mota ya ɗauki rawa kamar an hau hanya mai gargada, alhali hanya lafiya take. Sau da yawa tsohon mai ne ke jawo haka.

Ta biyar, sabon kuka. Wani siririn kuka mai hawa da sauka tare da inji yana iya nuna famfo yana wahalar jan mai. Gurnani ko ƙarar niƙa kuwa na ƙarfe ne.

Ta shida, yoyo. Da dare a shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota, da safe a duba. Jan ɗigo na buwat ne, baƙi na inji ne. Sai dai wasu motoci suna amfani da jan mai a sitiyari ma, don haka a lura da daidai inda ya ɗiga.

Ta bakwai, fitila. A tsofaffin Toyota, fitilar da aka rubuta O/D OFF tana ƙyaftawa. A Honda, harafin D ne ke ƙyaftawa. A wasu kuma fitila mai hoton inji ce ke kamawa. Wani lokaci mota tana maƙalewa a giya ɗaya ta ƙi canzawa. Ba iskanci ba ne: kwamfutar mota ce ta ga matsala, ta tsare buwat don a samu a lallaɓa zuwa gareji.

Kada alamun nan su tsorata mu fiye da kima. Ba kullum suke nufin buwat ta mutu ba. Wani lokaci waya ce ta tsinke, ko batir ya yi rauni, ko wani ƙaramin makunni na lantarki ya lalace. Tun daga 1996, duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa kusa da sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Motocin Turai ma sun bi baya. Kafin a yarda a sauke buwat, a nemi makaniken da ke da wannan na'ura ya karanta abin da mota ke faɗa. Matambayi ba ya ɓata.

Idan abin ya faru a kan hanya

Idan aka ji ƙauri, ko mota ta fara zamewa, a sauka gefen hanya. A ba ta lokaci ta huce. A duba ƙarƙashinta, a auna mai. Idan ya ragu, a ƙara, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa. Shi ya sa ya kamata kowace motar otomatik ta riƙe lita ɗaya ko biyu na irin manta a cikinta.

Kada a buɗe murfin radiyater yana da zafi. Tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu.

Motar otomatik ba ta tashi da turi. Kada a wahalar da jama'a.

Kada kuma a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa. Famfon mai ba ya juyawa sai inji yana aiki. Idan aka ja ta inji a kashe, ƙarafa za su yi ta juyawa babu mai. A ɗora ta a kan babbar mota, ko a ɗaga ƙafafun da ke jan ta. Idan dole ce ta sa, a sa N, a ja ta a hankali, tafiya gajera.

Juyen mai

Rigakafi ya fi magani. A irin zafinmu da ƙurarmu, ya dace a canza jan mai bayan kowane kilomita dubu 40 zuwa dubu 60. Motar haya da mai ɗaukar kaya su riƙe dubu 40. Kada a ga kamar lambar tana da yawa. Daga Yamai zuwa Damagaram wajen kilomita 900 ne. Motar da ke zuwa ta komo sau ɗaya a mako za ta cika dubu 40 cikin wata biyar da ƴan kwanaki.

Kowace buwat da irin manta. Wannan ba wurin gwaji ba ne. Tsofaffin Toyota da yawa suna shan wanda ake kira Dexron III. Na bayansu suna shan T-IV, na baya-bayan nan kuma WS. Honda tana da nata, DW-1. Akwai wata irin buwat mai aiki da bel na ƙarfe, ana kiranta CVT. Ana samunta a Nissan da yawa da wasu Corolla na 2014 zuwa sama. Manta daban ne, kuma ba lalle ya zama ja ba. Idan aka zuba mata jan mai na gama-gari, za ta lalace. Galibi ana rubuta sunan man a jikin sandar awo ko cikin littafin mota. A karanta, a kwafe shi a takarda, a tafi da ita kanti, a gwada da rubutun jikin gora harafi da harafi.

A sayi mai cikin gorar da ba a fasa bakinta ba, a wurin wanda aka yarda da shi. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya, babu mai sanin abin da ke cikinsa. Araha ba ta ado. Kada kuma a kuskura a zuba baƙin man inji ko man birki a cikin buwat.

Idan buwat ɗin mai faranti ce a ƙasa, makanike ya kwance shi, ya wanke, ya canza rariya. A cikin farantin akwai maganaɗisu mai kama garin ƙarfe. Mai mota ya tsaya ya gani da idonsa. Laushin gari mai kama da toka ba abin damuwa ba ne. Gutsattsarin ƙarfe kuwa labari ne marar daɗi. A yi aikin a inda iska ba ta kwaso rairayi, domin ƙwayar rairayi kaɗan ta isa ta toshe hanyar mai.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Buwat tana ɗaukar wajen lita 6 zuwa 10, amma idan aka kwance ƙasa lita 3 ko 4 kaɗai ke fitowa. Sauran yana maƙale a ciki. Saboda haka idan mai ya tsufa ƙwarai, ana yin juye, a yi tafiyar ƴan makonni, a sake, har sau biyu ko uku. A haka mai zai sabunta sannu a hankali.

Akwai masu cewa kada a taɓa canza man tsohuwar buwat, wai sabon mai ne ke kashe ta. Ga gaskiyar zance. Idan mota tana tafiya lafiya kuma mai bai yi ƙauri ba, juye alheri ne gare ta. Idan kuwa mai ya riga ya yi baƙi kuma mota tana zamewa, faifai sun riga sun cinye. Sabon mai ba zai mayar da su ba. Wani lokaci ma kaurin tsohon man ne ke ɗan riƙe su, da an canza sai ciwon ya fito fili. Ba juyen ne ya kashe ta ba, jinkirin juyen ne. A irin wannan tsohuwar buwat, a guji wanke ta da injin da ke tura mai da ƙarfi, domin yana iya tayar da datti ya toshe hanyoyi.

A ajiye ƙaramin littafi a cikin mota. Duk ranar juye a rubuta abu huɗu: kwanan wata, lambar kilomita, sunan mai, da yawan lita. Idan an yi juye a dubu 210, a rubuta cewa na gaba a dubu 250 ne. Motar ƙungiya ko ta gari, wadda direbobi ke canzawa, ta fi kowace bukatar wannan littafi.

Tuƙin da ke tsawaita ran buwat

Ɗan'uwa direba, rabin lafiyar buwat a ƙafarka da hannunka take.

Ka tsaya cak kafin ka canza daga D zuwa R, ko daga R zuwa D.

Idan za ka ajiye mota, ka taka birki, ka ja birkin hannu, sannan ka sa P. Wani ɗan ƙaramin ƙugiya ne ke riƙe mota a P, bai kamata nauyin duka ya hau kansa ba.

A cikin rairayi, ko kan hawa, ko da kaya mai nauyi, ka sauko zuwa 2 ko L. Wannan yana hana buwat yawan hawa da sauka, yana rage zafi.

Idan mota ta kafe a rairayi ko taɓo, kada ka yi ta ba ta wuta kana gaba kana baya. Mintoci kaɗan a haka sun isa su tafasa mai. A sauke mutane da kaya, a tone gaban ƙafafu, a shimfiɗa kara ko itace, a tura.

A kan hawa, kada ka riƙe mota da wuta. Ka taka birki.

A gangara, kada ka sa N don tattalin fetur. Abin da za ka tsira da shi kaɗan ne, kuma ka raba mota da taimakon inji wajen rage gudu.

Da damina, idan ƙorama ta kawo, ka jira ta janye. Wannan kariya ce ga buwat, kuma kariya ce ga rayukan da ka ɗauko. Idan ka tsallaka ruwa mai zurfi, ka duba launin mai a ranar.

Ka riƙa share ƙura da ƙaiƙayi daga fuskar radiyater, ka tabbata fanka tana aiki. Idan inji ya yi zafi, buwat ma ta yi.

Kada ka ɗora wa mota abin da ya fi ƙarfinta. Sawu biyu da kaya daidai sun fi sawu ɗaya da zai ƙare a gareji.

Ga mai shirin sayen mota

Ka je da makaniken da ka yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. Ka nemi a tayar da ita a gabanka tana da sanyi, domin a lokacin jinkiri ke nunawa. Ka zaro sandar awo, ka duba, ka sunsuna. Ka tuƙa ta aƙalla rabin sa'a, har ta yi zafi, ka bi da ita kan hawa, ka gwada komawa baya. Ka leƙa ƙarƙashinta bayan kun tsaya. Gani ya kori ji.

Mu kula da lafiyarmu da ta gonakinmu

Jan mai yana kama da zoɓo a idon yaro. Kada a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwa, kada a ajiye shi inda hannun yara ke kaiwa. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin mai na iya shiga huhunsa. A kai shi asibiti da gaggawa, a tafi da gorar don ma'aikatan lafiya su gani.

Tsohon mai, ja ko baƙi, guba ne. Kada a shafa shi a gyambo ko ƙaiƙayin mutum, kada a shafa wa dabba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko tabki, ko cikin gona da lambu. Yana nutsewa cikin ƙasa ya ɓata ruwan sha, ya kashe shuka. A tara shi a jarka mai murfi, a bar shi a gareji. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Kada kuma a bar inji yana aiki a cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa.

Jama'a, kuɗin lita huɗu na mai da kuɗin wata buwat ba a haɗa su. Mai mota ya riƙa duba jan mai sau biyu a wata. Direba ya faɗa wa mai mota duk sabon halin da ya ji, tun a ranar. Shugabannin ƙungiyoyi su ware kuɗin juye cikin abin da mota ke samowa, tun kafin a raba riba. Wanda ya karanta wannan shafi kuma ya karanta wa direban garinsu. Idan muka yi haka, ranar da aka buga ƙofa da tsakar dare ana neman mota, za a same ta a shirye.

Allah ya kiyaye hanya.